Sai Kun Ji Jiniya

Ƙarar ta taso ne da tsakar dare daga wajen masana'antar takarda, doguwa, mai kauri, kamar daga cikin rijiya. Dattijo Mzee Khisa ya tashi zaune yana laluben takalmi.

"Mama Nanjala, kin ji? Jiniya!"

"Kukan cikinka dai na ji," in ji matarsa. "Kwanta. Da hantsi mota za ta zo."

Kayansu duk a ɗaure suke. 'Yarsu Nanjala ta kama musu ɗaki a birnin Eldoret, bayan ya yi shekaru yana ƙi. Hujjarsa ɗaya ce. Ranar da aka rufe masana'antar, manaja ya hau kan gungume ya ce, "Ku je gida, sai kun ji jiniya." Khisa mutum ne mai jin magana. Ya je gida, ya kasa kunne.

Da gari ya waye ya kwance ƙunshi ya zaro rigar aikinsa.

"In an buɗe, ba inda za ni," ya ce.

"In kuma ba a buɗe ba, ka zo ka ɗauki katifa."

A bakin ƙofar masana'antar ya tarar da tsofaffi sun yi layi, kowa cikin koɗaɗɗiyar rigar aiki. Akwai Wepukhulu, wanda aka yi musu kaciya shekara ɗaya, shi ya sa suke kiran juna bakoki. Akwai maƙwabcin Khisa, Makokha, wanda injin saran itace ya kurmantar tun da daɗewa. Shi bai ji komai ba, ganin mutane da riga ya yi ya biyo su.

"Bakoki, ni abin da ya dame ni, ban ji wari ba," in ji Wepukhulu.

Duk suka ɗaga hanci. A da garin nan warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi dare da rana. Baƙi su toshe hanci, 'yan gari su ce ƙanshin albashi ne. Yau iska tsaf take, abin takaici.

"Sai an hura tukunya wari ke fita, jahili," in ji Khisa. "Rufe tumbinka, manaja zai gani."

"Maɓallan ne suka tsufa."

Ƙofar na ɗaure da sarƙa. Khisa ne siriri a cikinsu, sai ya bi ta magudanar da ake turo gumagumai, da rarrafe.

Ciki shiru. Tsaunin ɓarzajjen itacen da suka bari ya zama baƙar ƙasa, kabewa ta yaɗu a kai. Wani ɓaure ya tsiro a ofishin awo ya leƙa ta rufi. Tukunyar dafa itace, mai tsayin bene, tana nan tsaye, jemagu sun mai da ita gida. A bango busasshen ƙullun takarda ya manne kamar ƙanzon tuwo. Ya ɓanɓaro kaɗan ya shinshina, bai ji komai ba. Ya hau inda jiniyar take, ya tarar babu ita, sai ƙusoshi huɗu da sheƙar tsuntsu.

Sai ƙarar ta sake tashi, har tsatsa ta zubo daga sama. Khisa ya ga ƙafafunsa sun haɗe da kansu, ya miƙe ƙyam.

Ya bi sautin zuwa wani dogon bututu da ke kwance a ƙasa. Ya leƙa, ya ga wutsiya. Saniyar Wepukhulu ce, wadda yake ta zargin surukinsa da sacewa. Ta shiga neman inuwa, juyawa ta gagara. In ta yi kuka ta nan, ya fita ta can ya zama jiniya.

Khisa ya zauna a bakin bututun. In ya bar ta ta ƙara kwana, mota za ta koma ba kowa, gobe ma a yi layi. Ya daɗe yana auna wannan. Saniyar ta yi nishi irin na mai ƙishirwa.

"Ke ma ce miki aka yi ki jira?" ya ce, ya kama wutsiyar ya ja.

Ta baya suka fita, don ashe katangar wajen ta daɗe da zubewa. Ya zagayo da saniya a hannu. Tsofaffi suka gyara tsayuwa, sannan suka saki.

"Bakoki, ga manaja," in ji Khisa. "A ba ta ruwa. Ka kuma je ka gai da surukinka."

Motar a-kori-kura tana tsaye a bakin titi, Mama Nanjala a gaba da tukunya a cinya, katifa ta riga ta hau. Ta matsa masa wuri. Khisa ya tuɓe rigar aikin, ya ninke, ya rataya a kan sarƙar ƙofa.

Makokha ya dubi rigar, ya dubi saniyar, ya taɓa Wepukhulu a kafaɗa.

"To mu 'yan aikin safe ne, ko na dare?"