Fasfon Simrat

Duk ranar Lahadi mu uku ne ke riga kowa isa kicin ɗin gidan ibadarmu a Surrey ta ƙasar Kanada: ni Kulwinder, da Rupinder, da Goggo Satwant. Goggo ta haura saba'in, kuma kurumtarta mai zaɓe ce. Ka ce ta miƙo gishiri ba za ta ji ba, amma kana rage murya za ta jawo kujera.

Simrat amarya ce, wata takwas da kawo ta daga Ludhiana ta ƙasar Indiya. Surukarta Gurmit takan wuce zauren addu'a, ta bar mana ita tana murza gurasa.

"'Yar nan, wannan gurasa ce ko taswirar Indiya?" in ji Goggo.

Simrat ta yi murmushi, ta ja hannun riga ta rufe wuyan hannunta. Mu kuwa mun riga mun ga shatin yatsu.

Sai a Lahadi ta uku ta buɗe baki, muna yanka albasa, kowa na hawaye. Babanta malamin makaranta ne mai ritaya, ya sayar da rabin gonarsa ya yi wa gidan ango gwal da kayan aure. Yanzu mota suke so. Kullum sai a kira shi a waya, a miƙa mata ta yi kuka ya ji. Fasfonta da gwal ɗinta suna kulle a akwatin Gurmit, kuma sun ce ranar da ta kai ƙara, ranar za a kore ta daga ƙasar.

"Wa zai kore ki?" Goggo ta aje wuƙa. "Yaushe Gurmit ta zama gwamnatin Kanada ba mu ji ba?"

Ranar Laraba muka roƙi aron Simrat, wai za ta taya mu sayen kayan miya, muka kai ta wurin wata lauya a ƙungiyar taimakon mata. Lauyar ta duba batun zamanta, ta ce miji ba shi da ikon korarta, riƙe mata fasfo kuma laifi ne, in tana so a yau 'yan sanda za su raka ta ta karɓo. Simrat ta girgiza kai. Ta ce labari zai riga ta isa ƙauye, Babanta ba zai iya fita kasuwa ba.

"To mu za mu je shan shayi," in ji Goggo.

Ranar Asabar da rana muka je gidan Gurmit da kwalin alawa. Goggo ta yaba labule, ta yaba kujeru, ta yaba gemun ango Tejinder, sannan ta kurɓi shayi.

"Na ji ana jiran mota daga Ludhiana."

"Ai al'ada ce, Yaya," in ji Gurmit.

"Al'ada ce mana. Ni keke aka ba mijina, har yau bai iya hawa ba." Ta juya ga ango. "Kai ɗan nan, tirela mai taya goma sha takwas kake tuƙawa, amma ƙaramar mota sai tsohon malami ya sayo maka?"

Tejinder ya tsura wa safarsa ido.

"Gurmit, ɗauko wa yarinyar nan fasfonta."

"Ajiye mata na yi, kar ya ɓata."

Goggo ta kai hannu kunne. "Me ta ce? A kira lauyar? Kulwinder, ta ce a kira lauyar. Katinta na jakata."

Na ciro waya. Ban kai ga danna lamba ta biyu ba Gurmit ta haye sama. Ta sauko da fasfo da rabin gwal. Sauran sai da lauyar ta rubuta takarda daga baya.

Simrat ta fito da akwati guda. A mota Rupinder ta riƙe mata hannu, Simrat ta kira Babanta. Ta faɗa masa komai. Da ta gama, sai ya ce, "Kin ci abinci, 'yata?" A nan ta fashe da kuka, mu ma muka taya ta.

Yanzu tana zaune a ɗakin ƙasa na gidan Goggo, tana aiki a kantin magani, batun rabuwar auren kuma yana kotu. Dattawan kwamitin gidan ibada sun yi ta gunaguni wai mun raba aure, har suka wakilta Baba Ajit, mijin Goggo, ya zo ya ja mata kunne. Ya shigo kicin da rawaninsa tsaf, ya yi gyaran murya. Goggo ta ɗago ta dube shi, ludayi a hannu.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Baba Ajit. "Na ce ko akwai sauran shayi."