Risho a Gidan da Ba Kicin

A gidan tarayya na titin Lesnaya, ba mai gaisawa da Rodion Yefimovich ya daɗe a tsaye. Wasu suka ce kunnen hukuma ne. Wasu suka ce ba sai an faɗa ba: shi ya zana gidan nan lokacin da ake yayin ginin sabuwar rayuwa, ɗakuna ba kicin, kowa ya ci a zaure ɗaya don mata su huta da tukunya. Yanzu iska ta juya, Mosko ta ce irin wannan gini ɗabi'ar maƙiya ce, an kwashe abokan aikinsa kaf. Shi me ya bayar aka bar shi?

Agrafena ta fi kowa tsoronsa. Mijinta na kwance, cikinsa ba ya karɓar miyar zaure, sai ta ɓoye risho a bayan akwati tana dama masa kunu. In kwamitin gida ya ji, ɗakin ya tafi.

Sau biyu tana kama Rodion ya manna kunne a bangonta yana ƙwanƙwasawa.

"Angonki ya sake zuwa zance," in ji maƙwabciyarta Fekla. "Da bango yake hira, amma ke yake so."

"Rufa mini asiri, Fekla."

"To ki riga shi. Wanda ya fara kai ƙara shi ke kwana a gida."

Ta riga shi. Ta gaya wa shugaban kwamiti cewa ta ji shi yana yabon gine-ginen ƙasashen waje.

Washegari da hantsi, kunu na kan wuta, Rodion ya turo ƙofa. Ya dubi rishon.

"Agrafena Lukinichna, wannan bangon ba bulo ba ne. Kara ne aka matse aka shafe da siminti, kayan gini sun yi ƙaranci a shekarar da aka gina shi. Ya fara zafi tun daga waje. Kawo."

Ya naɗe hannu da hularsa, ya ɗauke rishon ya ajiye gindin ginshiƙin kankare kusa da taga.

"Nan ba zai kama ba. Ki riƙa buɗe taga saboda wari. Fekla na da hanci."

Ya juya zai fita. Ta kira shi.

"Rodion Yefimovich. Jiya na kai sunanka wurin kwamiti. Ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."