Rijiyoyin da Suka Gamsu

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana gyaran rubutu a mujallar bincike ta jami'a, kuma babu abin da ta ƙaru da shi a wannan aiki kamar raina masu manyan muƙamai. Ofishinta ɗan tsukuku ne a bayan ɗakin ɗab'i: tebur ɗaya, fanka mai kuka, da kabad ɗin ƙarfe wanda sai an sa masa gwiwa yake rufuwa. Ma'aikata suna kiranta Jan Biro, ita ma har ta saba amsawa.

Mujallar ba ta ƙin kowa. Tarihi, harshe, ilmin sinadarai, noma, sarrafa kasuwanci, duk a bango ɗaya ake ɗinke su, sau biyu a shekara. Jan Biro kaɗai ce take karanta kowace maƙala daga farko har ƙarshe, don haka ita ta san wanda ba ya iya haɗa jimla biyu ba tare da ɗaya ta taka 'yar'uwarta ba, ta kuma san wanda ɗalibansa ke rubuta masa.

A cikinsu duka babu wanda ta raina kamar Farfesa Ko'ina. Asalinsa ɗan sashen sarrafa kasuwanci ne, amma babu fannin da bai tsoma baki ba, shi ya sa aka laƙaba masa sunan a bayan idonsa. Idan ya shigo ofishinta ba ya zama, ba ya gaisuwa, sai ya ajiye takardu a kan abin da take karantawa ya ce a yi sauri.

A wannan fitowar maƙala uku ya kawo. Ta farko a kan gamsuwar masu saye a ƙananan kantuna, ta biyu a kan labaran baka na tsofaffi, ta uku a kan ingancin ruwan rijiyoyin unguwar da ke bayan masana'antar fenti. Tana cikin ta ukun ta ji kamar ta taɓa bin wannan hanya. Ta jawo sauran biyun ta jera. Masu saye ɗari da tamanin, tsofaffi ɗari da tamanin, rijiyoyi ɗari da tamanin. Jadawalin ɗaya ne sak, ko ɗigo bai motsa ba. Mutumin ya ɗauki maƙalar kantuna ne ya sa na'ura ta canza masa kalma ɗaya a ko'ina, bai ko waiwaya ba. A shafi na bakwai ga shi ɓaro-ɓaro: da aka tambaye su, rijiyoyi sittin da biyu cikin ɗari sun ce sun gamsu ƙwarai, sauran kuma sun ƙi cewa komai. Daga nan ya yanke hukunci cewa ruwan unguwar lafiyarsa lau.

Ta kwashi takardun ta kai wa Edita, wani dakta mai sanyin murya da ya shekara huɗu yana jiran ƙarin girma, kuma Farfesa Ko'ina na cikin kwamitin da zai duba takardunsa. Ta fara nuna masa jadawalin, ya ƙi saukar da ido. Ya ce masana sun riga sun tantance, sun sa hannu. Ta ce wane masani ne ya karanta wannan ya sa hannu, sai ya cire tabarau ya dube ta.

"Malama, aikinki waƙafi da aya ne. Ilmi kuma ki bar wa masu shi."

Ta tattara takardun ta fita. Ta koma ta sa wa maƙalar waƙafi da aya yadda ya kamata, har ta gyara rubutun kalmar "gamsu" da ya ɓata, ta miƙa wa masu ɗab'i. A ranta tana cewa su ci gaba, ranar da abin zai fashe tana nan zaune.

Aka yi bikin ƙaddamarwa a babban zaure. Shugabanni suka yi jawabi ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗaga mujallar sama don mai ɗaukar hoto, babu wanda ya buɗe ta. Jan Biro na kujerar baya tana jira. Ta jira mako, ta jira wata uku. Da ta leƙa ɗakin karatu sai ta tarar da kwafi biyar ɗin da aka kai suna nan cikin ledarsu. Kafin ƙarshen zangon karatu aka ba Farfesa lambar yabo ta bincike mai ratsa fannoni. Ta yi dariya ita kaɗai a ofis har mai ɗab'i ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Wata Asabar da hantsi 'yar wanta ta zo gida. Yarinyar tana digiri na biyu a ilmin sinadarai, kuma Jan Biro ce ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ta zauna a bakin gado da kundinta a cinya, ido ya yi ja. Wata takwas ta yi tana ɗibar ruwa a rijiyoyin bayan masana'antar fenti, tana awo da hannunta, kuma abin da ta gano ba ruwan da za a ba ɗan'adam ba ne. Amma malamin da ke duba aikinta ya ce sakamakonta ya saɓa wa binciken da Farfesa ya wallafa, ga shi Farfesan na cikin waɗanda za su yi mata tambayoyi ranar kare kundi. Ya ba ta shawara ta sake duba alƙalumanta har su daidaita.

"Goggo, ƙila ni ce na yi kuskure," in ji ta. "Ai ke kika gyara maƙalar. Da akwai matsala da kin gani."

Jan Biro ta tashi ta ɗauko mujallar daga saman kabad, ta buɗe shafin, ta ce ta karanta da ƙarfi. Yarinyar ta karanta, ta fashe da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya cak. Ta ce ita daga taƙaitawar farko ta tsaya, malaminta ma haka.

"Kin ga wannan, Goggo, kika bar shi ya fita?"

Jan Biro ta karɓi mujallar ta rufe. Ta so ta ce an hana ta, amma ta san ba wannan ba ne. Ta bari ne don ta ga an kunyata shi, kuma ko sau ɗaya ba ta tuna cewa akwai masu shan ruwan ba.

Ranar Litinin ta ɗauki hoton jadawalin uku a takarda ɗaya, ta rubuta wasiƙa gajera ta sa hannu, ta kai ofishin magatakarda da kanta. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau biyu, ya gano cewa kuskuren ɗab'i ne, kuma alhakin kuskuren ɗab'i yana wuyan mai gyara. Aka mayar da ita sashen motoci, tana cike takardun fitar direbobi. Edita ya sami ƙarin girmansa. Da suka haɗu a matakala ya tsaya yana duba wayarsa har ta wuce.

Ranar kare kundi Farfesa ya aiko cewa ba ya jin daɗi. Yarinyar ba ta taɓa alƙalumanta ba, aka ba ta maki tsaka-tsaki, aka ce aikin ba shi da zurfin nazari. Daga baya ta ɗauki kwafi ɗaya na kundin ta kai wa jami'ar lafiya ta unguwar, wata mata mai yawan faɗa wadda ta karanta shi a tsaye, ta sa aka rufe rijiya huɗu a cikin makon.

Jan Biro ba ta je bikin yaye ɗalibai ba, domin Farfesa Ko'ina aka ba jawabin ranar, a kan riƙon amana a fagen ilmi. Ta zauna a gida ta yi girki, ta share falo, ta aro kujeru shida a maƙwabta don walimar 'yar wanta.