Cokali a Hannun Hagu

A ƙungiyar da ke tura masu kula da naƙasassu gida-gida, Anti Sauri ake ce mata, kuma sunan bai yi mata ƙarya ba. Kafin wata ta gama ɗora ruwan zafi, ita ta yi wa mutum wanka, ta shafa masa mai, ta canza zanen gado, ta ba shi magani, har ta tsaya bakin titi tana tare motar zuwa gida na gaba. Abokan aikinta sukan ce ko mutuwa ce ta zo ɗaukar wani a hannunta, sai dai ta tarar an riga an yi masa wanka an shirya shi. Ita ma dariya take yi. Ta daɗe a aikin, ba a taɓa kawo ƙararta ba.

Sai da aka ba ta Baba tela.

Dogon tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki, kafin shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya ɗan karkace, magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa: "To." Da ita yake amincewa, da ita yake ƙi, da ita yake zagi. Yana zaune da autarsa, malamar firamare, a wani ɗan gida a saman bene. Keken ɗinkin na gefen taga a lulluɓe, an jera kwalaben magani a kansa.

Da farko komai lafiya. Anti Sauri takan iso da safe daidai lokacin da autar ke neman takalminta, ta wanke tsohon, ta ɗora shi a keken guragu, ta lulluɓa masa babban tawul daga wuya har gwiwa, ta tsaya a kansa da kwanon dankali da aka markaɗa da madara. Cokali yana bin cokali, kwano ya ƙare, ta goge masa baki ta wuce.

Wata safiya ya datse haƙora.

"Haba Baba, buɗe mana. Ka ga agogo?"

Ya kau da kai wajen bango. Ta bi shi da cokalin, ya ƙara kau da kai. Washegari ma haka. Ta sauya dankali da shinkafa mai laushi, ta kawo ƙwai, ta kawo ayaba, ta zuba sukari a shayi har sai da cokali ya yi nauyi. Ta lallaba shi, ta yi masa waƙa kamar ɗan goye, ta yi masa barazanar kiran likita. In ta samu ta cusa loma ɗaya, sai ya riƙe ta a kunci, tana juya baya ya tofar. Da yamma autar kan samu ya kurɓi shayi kaɗan, shi ke nan abincinsa.

Tsohon ya fara zubewa a idonsu. Wandon da ya ɗinka wa kansa da hannunsa ya koma sai an ɗaure da igiya. In ta ɗaga shi daga gado, tana jin ƙashin haƙarƙarinsa a tafin hannunta kamar ƙarfen gadon.

Ranar da suka dawo daga asibiti, autar ta tare ta a bakin ƙofa, idanunta jawur.

"Anti, likita ya ce in aka sake auna shi aka ga ya ƙara raguwa, roba za a zura masa ta hanci, a riƙa ba shi abinci ta ciki. Babana! Mutumin da ko allura ba ya so." Ta share hanci da bakin mayafi. "Me kike yi masa in na fita?"

"Me nake yi masa kamar yaya?"

"Ni ban sani ba. Na dai kira ofishinku."

Anti Sauri ta sauko benen. A motar haya ta zauna ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Shugabar ma'aikata ta kira ta washegari. Sabuwa ce a ƙungiyar, ita ta kawo tsarin zama da kowace ma'aikaciya a duba yadda aiki ke tafiya, abin da su Anti Sauri suka laƙaba wa suna "zaman tuhuma." Ita ce kuma ta daɗe tana roƙon Anti Sauri ta shiga kwas ɗin ciyar da masu wahalar haɗiya, ita kuwa tana cewa wanda ya shekara yana iyo ba a koya masa jiƙa ƙafa.

"Ba faɗa na kira ki ba," in ji shugabar. "Ki ba ni labarin safiyar jiya. Daga shigarki har fitarki, kada ki tsallake komai."

Anti Sauri ta zayyano. Ta shiga, ta buɗe taga, ta haɗa ruwa, ta ɗaga shi, ta wanke shi, ta zaunar da shi, ta sa tawul, ta ɗauko kwano.

"Na ji abin da kika yi. Shi kuma me ya yi?"

"Shi? Ai ba ya iya komai, Malama."

"Hannunsa na hagu fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Yana ina lokacin da kike ba shi abincin?"

Sai a lokacin ta lura. Hannun yana ƙarƙashin tawul. Ita take sa shi a can. Tun wata rana da ya miƙo shi zai kama kofi shayi ya zube a riga, ta koma tana naɗe tawul ɗin ta cusa bakinsa a bayan kujera, hannu biyu a ciki, mai rai da marar rai. Ta tuna yadda tawul ɗin kan motsa, ta sa gwiwa ta danne ba tare da ta ko duba ba. Ta tuna tarin da yakan yi bayan cokali na uku ko na huɗu, idanunsa su firfito, ita kuwa ta riga ta ɗebo na gaba. Ta tuna tana tsaye a kansa tana ƙwala wa autar magana daga ɗaki zuwa ɗaki: "Yau bai yi bayan gida ba, kuma ya jiƙa zanen gado."

"Ƙwarewa yake yi," ta faɗa a hankali. "Ina tsaye, sai ya ɗaga kai sama. Malama, tsoron cokalina yake ji."

"Mai yiwuwa. Ban gan shi ba, ke kika gan shi."

"Ki bar min shi zuwa ranar awo. Don Allah. Kada ki ba wata."

Shugabar ta juya biro. "Zuwa ranar awo. Bayan nan ba a hannuna yake ba, 'yarsa ta nemi a canza ki."

Da safe Anti Sauri ta shiga ɗakin ba ta taɓa taga ba. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna ƙasa da shi, har sai da ya zama shi ke kallon ta daga sama.

"Baba, ina kwana. Na yi maka laifi. Ban tambaye ka komai ba tun da na zo gidan nan."

Ya dube ta da ido ɗaya mai kyau. Bai ce ko "To" ba.

Ta shimfiɗa tawul ɗin a cinyarsa kawai. Ta ajiye kwanon a kan tire, ta sa cokali kusa da hannunsa na hagu, ta maida nata hannuwan tsakanin gwiwoyinta ta matse, don ta san halinsu. Ta jira. Wayarta ta yi ta ruri a jaka, gidan gaba ne, wata tsohuwa makauniya tana jiran wanka. Gumi ya tsattsafo mata a baya.

Can sai yatsun suka motsa. Suka kama cokalin a karkace, suka ɗebo, dankalin ya zube a tire tun kafin ya kai rabin hanya. Ya sake, ya zube a ƙirji. Jikinta duk ya yunƙura zai karɓa, ta cije leɓe ta zauna. A karo na gaba ɗan abin da ya rage a bakin cokalin ya shiga. Ya sunkuyar da kai da kansa, ya daɗe yana juya shi, ya haɗiye. Bai yi tari ba.

Bai ci abin kirki ba ranar. Abin da ya shiga cikinsa bai kai wanda ya zube a ƙasa ba. Ta isa gidan makauniyar rana ta take, ta sha faɗa a tsaye. Washegari ta naɗe ƙotar cokalin da tsumma don ya ji daɗin riƙewa, ta zo da kwano mai zurfi. Ya ƙara kaɗan. Tana zaune tana ƙirga haɗiyarsa a zuci kamar mai addu'a, tana kallon wuyansa, tana roƙon Allah ya sa abin ya zama tsoka kafin ranar awo. Da ta koma gida maigidanta ya dube ta ya ce, "Wai ke ce ba ki da lafiya ko tsohon? Kin fi shi ramewa."

Ranar awo ta bi su asibiti, ko da yake ba aikinta ba ne. Aka ɗora shi a sikeli da kekensa. Nas ta duba ta rubuta, ta sake dubawa.

"Likita, ya fara ci da kansa," Anti Sauri ta faɗa. "Wallahi ya fara. A ƙara mana ko sati ɗaya."

"Na yarda ya fara, Hajiya," in ji likitan, "amma jikinsa ya bushe, ƙodarsa ba za ta jira mu ba. Yau za mu kwantar da shi."

Aka zura robar yana kallon silin, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Washegari tana tsakiyar aiki a wani gida autar ta kira ta tana kuka. Baba ya fizge robar. An mayar, ya sake fizgewa. Yanzu an ɗaure masa hannu.

Anti Sauri ba ta san yadda ta isa ba. Ta same shi a gadon ƙarshe, hannun hagu ɗaure da bandeji a jikin ƙarfen gado, yana ja, wuyan hannun ya yi ja.

"Sista, don girman Allah ki kwance shi. Shi kaɗai ya rage masa."

"In na kwance, wa zai tsare shi? Ni kaɗai ce a ɗakin nan, ki duba gadaje."

"Ni zan zauna."

Nas ɗin ta yi tsaki, amma ta kwance. Anti Sauri ta zauna ta buɗe tafinta a kan katifa, ba ta kama shi ba. Ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa babba: abin da robar take yi, dalilin sa ta, da cewa likita ya yarda ya riƙa ɗanɗana abu mai laushi ta baki. Hannun ya tashi ya nufi hanci. Ya taɓa robar, ya shafa filastar, ya daɗe a wurin, sannan ya sauko. Haka suka yi ta yi, ita da rana tana satar lokaci daga aikinta, autar in ta taso daga makaranta. In babu ko ɗayansu, a mayar da bandejin.

Ya fita asibiti da robar a hancinsa. 'Ya'yansa suka yi shawara, babban ɗan ya ce a kawo shi wurinsa a wani gari, tunda matarsa tana gida. Autar ta janye ƙarar, amma babu sauran gidan da za a mayar da Anti Sauri.

Anti Sauri ta shiga kwas ɗin ciyarwar. A hutun rana, a barandar ajin, ta kira lambar matar babban ɗan, wadda autar ta ba ta. Ta gabatar da kanta, ta fara jero bayani da sauri kada a katse: a zauna ƙasa da shi, a bar masa hannunsa, a jira ya haɗiye, kada a yi maganarsa a kansa kamar ba ya wurin.

"To Anti, an gode ƙwarai," matar ta ce. Ana jin kukan yaro da ƙarar famfo a bayanta. "Ai tunda akwai robar nan ma an huta, ta nan muke zuba masa komai. Bari in duba yaron nan."

Layin ya katse. Anti Sauri ta sake kira, ba a ɗauka ba. Mai koyarwa ya leƙo ya ce a shigo, za a fara gwaji, kowa ya nemi abokin da zai ciyar. Ta tsaya da wayar a kunne har ta gama ruri, sannan ta sake danna lambar.