Lambar Ƙodar Kafinta

"Sauro ya iso," in ji Kafinta daga kan gado. "Uwar yara, zo ki ɓoye ni."

"Miƙo hannun, malam," in ji Mai Allura. " Sauron da ke zuwa da audugarsa ai sai godiya."

Mai Allura maƙwabciyarsu ce, ƙofa na kallon ƙofa a saman bene. A ɗakin gwajin jini ta yi aiki har ta yi ritaya. Tun da ciwon ƙoda ya kwantar da Kafinta, matakala ta fi ƙarfinsa, ita ke ɗibar jininsa a kai asibiti. An sa shi cikin masu gwada wani sabon magani, kuma akwai wata lamba a jinin da likita ke bi: in ta hau, ƙoda na gazawa, in ta sauka, sai murna. Watannin nan sauka take ta yi.

Ta ɗaura robar a damtsensa. Ta zagaya, ta sake zagayawa, har da saura. Damtsen da ya taɓa hawo mata da kabad shi kaɗai yana fito. Ta tsaya tana kallon hannun. Duk zuwan da take yi, jijiya take nema, ba mutumin ba.

Matar Kafinta ta shigo da waya a hannu, fuska a sake.

"Yaya, kin ga ta ƙara sauka? Na ce wa Auta ta yi zamanta. Hutun nata ɗaya ne a shekara, gara ta adana shi ta zo ta same shi a tsaye."

Mai Allura ta rufe kwalbar jinin, ta ja ta kicin.

"Yaushe rabonsa da ya ci ya ƙoshi?"

"Yana ɗan taɓawa."

"Saurara, ƙanwata. Abin nan da ake aunawa daga tsokar jiki yake fitowa, ƙoda ce ke wanke shi. In ƙoda ta samu sauƙi, zai ragu. In tsokar ce ta ƙare, nan ma zai ragu. Injin bai san bambancin ba."

"Amma likita ya ce..."

"Likita lamba ake tura masa. Yaushe ya sa shi a ido?"

Matar ta juya baya, ta shiga goge murhun da ba shi da datti. Abin da inji ya buga yana da kwarjini, ya fi ido, ya fi hannun da ke juya mutum a kan katifa safe da yamma.

"Abu ɗaya muke riƙe da shi a gidan nan," ta ce, "shi ma kin zo ki ƙwace."

"Ranar kowa Allah kaɗai ya sani. Ni dai na ce ki kira Auta."

"Ku biyun nan," muryar Kafinta ta ratso daga ɗaki, "ƙofar kicin ɗin ni na yi ta, na san ba ta tare magana. Kira yarinyar. Ki ce ta zo ta rage mini gemu, ke kullum sai kin yanke ni."

Da aka gaya wa likita a waya nauyin da ya rage a jikin Kafinta, ya ce a sake wani gwajin daban. Auta ta riga sakamakon isowa. Ta ajiye jaka a bakin ƙofa, ta shiga da takalminta.

"Baba, ina sauranka?"

"Sauro ta shanye. Tambaye ta, ga ta nan."

Ta rage masa gemu a gaban taga, tawul a wuyansa. Suka yi gardama kan wata kanta da ta kafa a gidanta, ya kalli hoton ya rantse a karkace take. Da cokali take ba shi ruwa, shi kuma yana ƙorafin ta cika gaggawa kamar uwarta. Wata hantsi tana goge masa goshi, ya ce ta buɗe tagar duka. Ta buɗe, ta juyo, ya riga ya tafi.

Bayan mutane sun ragu, Mai Allura ta fito baranda shan iska. A ƙasa, Auta da uwarta na shanya rigunansa, ɗaya na miƙawa, ɗaya na maƙalawa. Iska ta shiga wata shuɗiyar rigar aiki, ta cika kafaɗunta, ta ɗan riƙe su haka, sannan ta saki.