Ƙishirwar Malam Ƙamus

Auta ta fizge gorar ruwan daidai lokacin da yatsun Baba suka taɓa murfinta. Ba ta ma san ta yi ba, sai ganin gorar ta yi a ƙirjinta ta rungume, shi kuwa hannunsa na nan a miƙe a kan durowar gefen gado.

"Haba Baba!"

"Gyara mata zama zan yi," in ji shi. "Ta karkace."

Gorar ba ta karkace ba, kuma dukansu sun sani. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da Turanci har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Ƙamus, wanda ko ƙaryar wasa ba ya yafe wa yaro, yau ga shi yana sharara ta saboda kurɓin ruwa. Abin ya ba Auta tausayi, ya kuma ba ta haushi, ta rasa wanne za ta fara ji.

Kwana goma sha shida ke nan da ya zame a banɗaki ƙashin ƙugunsa ya karye. Likitan ƙashi sau ɗaya yake zuwa asibitin a mako biyu, ya yi aikin da zai iya ya tafi. Wancan zuwan sunan Baba na cikin jerin waɗanda za a yi wa tiyata, amma Yaya, babban ɗansa, ya zo da safe ya tarar da tsoho yana lasar leɓe, sai tausayi ya ɗebe shi ya haɗa masa shayi mai kauri. Likitar da ke yin allurar barci ta ji labari, ta ja layi a kan sunan. Ta ce ba a sa wa mai abu a ciki barci, zai iya tasowa ya shaƙe shi. Tun daga nan bayan Baba ya fara miki saboda kwanciya, tari kuma ya sauka masa a ƙirji. Jiya ƙaramin likita ya ja Auta gefe ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, cewa in aka sake rasa yau, ba shi da tabbacin tsohon zai iya jiran wani mako biyun.

Shi ya sa ta rufe shagon ɗinkinta, ta ce wa Yaya kada ta ga ƙeyarsa a ɗakin sai an shiga da Baba. An ce ƙarfe tara za a zo ɗaukarsa. Yanzu sha biyu saura, kuma rabonsa da ruwa tun jiya.

Ta tura gorar cikin jakarta ta fita. Zuwanta na biyar ke nan teburin nas, har nas ɗin ta daina ɗago kai.

"Yana cikin jeri, na faɗa miki. Mutum biyu ne a gabansa."

"Ɗazu ma mutum biyu kika ce."

"An kawo wani da mota ta buge. Ki tsoma auduga a ruwa ki shafa masa a leɓe. Shafawa na ce, ban ce ki matsa ba."

Ko da ta koma, matar mai gadon kusa ta baje faranti tana ɓare wa mijinta lemo. Ƙamshin ya cika ɗakin. Baba ya juya kai wajen bango, ya dawo da shi, ya sake juyawa. Auta ta shafa masa audugar, ya kamo ta da leɓe zai tsotsa, ta janye.

Sai ya yi dariya, wata busasshiya wadda ta ƙare da tari.

"Kin san abin da Bature ke kiran wannan da kike yi min?"

"Baba, ka huta da magana."

"Tantalize," in ji shi, yana rarraba kalmar gaɓa-gaɓa kamar yana gaban allo. "A nuna wa mutum abin da ransa ke so, a matso da shi har ya ji ƙamshi, sannan a janye. Kin san daga ina ta fito?"

Auta ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa son sani ba. A gidansu ko gishiri ka ce a miƙo maka sai ka ji daga wace ƙasa sunansa ya taso. Yayyenta sun jure, sun haddace, biyu ma sun zama malamai. Ita kuwa da ya fara sai ta ce tana jin fitsari. Ranar da ta ce ɗinki za ta koya bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, allura ba ta da asali," kuma daga ranar bai sake yi mata darasi ba.

"Sunan wani sarki ne a tatsuniyar Girkawa, Tantalus," ya ci gaba, muryar na karcewa. "Allolin da suke bauta wa a lokacin suka yi fushi da shi. Suka tsayar da shi a cikin tafki, ruwa har haɓa. In ya sunkuya zai sha, ruwan ya janye, ya bar shi da busasshiyar ƙasa. A saman kansa ga reshe ya yi nauyi da 'ya'ya nunannu. In ya miƙa hannu, iska ta ɗaga reshen. Ba ya mutuwa, ba ya ƙoshi. Daga sunansa aka ƙera kalmar."

"Ikon Allah," in ji mai lemo, ta tsaya da ɓara. "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

"Ai kwalele ke nan, Baba," in ji Auta tana leƙen ƙofa. "Sai an je har wajen Girkawa? Mu ma muna da shi, kwalelen kare da hantar kura."

Baba ya kalle ta.

"Kwalele," ya ce a hankali. "Shekara talatin da huɗu ina zagaye-zagaye a kan allo, ashe ga ta a bakin tela."

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Auta ta zauna, ta tashi, ta gyara zanen gado, ta ƙirga ɗigon ƙarin ruwan da ke shiga hannunsa har ta ɓata lissafi. Duk ƙarar taya da ta ji a baranda sai ta leƙa: mai rabon magani ne, mai kwashe zannuwa ne, wata ce ake mayarwa ɗakin haihuwa. Yaya ya kira sau uku, ta kashe sau uku. Ita ma tun safe ba ta sa komai a baki ba, don ba za ta iya haɗiyar ruwa yana kallon maƙogwaronta ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi mai goge ƙasa ta shigo da bokitinta, ta saki magana ba tare da an tambaye ta ba. Wai likitan ƙashi ƙarfe huɗu yake ajiye wuƙa ko da wa ya rage, don yana da tafiya a gabansa. Wancan zuwan ma mutum uku ya bari.

Baba ya ji. Ta ga lokacin da maganar ta shige shi, fuskarsa ta saki.

"Auta, ba ni ruwa."

"Baba, saura kaɗan."

"Ba za su zo ba. Kin ji da kunnenki. Na rasa aikin, in kuma rasa ruwan?"

"Za su zo."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Ya yunƙura, ciwon ƙugu ya mayar da shi, ya yi ƙara. "Harshena ya zama itace. Don girman Allah, Auta. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Baiwar Allah, ki ji tausayin tsohon nan," in ji mai lemo. "Kurɓi ɗaya, wa zai sani? Mu dai ba mu ga komai ba."

Auta ta ciro gorar daga jaka. Hannunta ya murɗe murfin da kansa. Idon Baba na kan ruwan, leɓensa ya tsattsage, yana motsi tun kafin ta matso. Ta tuna Yaya, yadda suka yi masa ca a baranda ita ce kan gaba, har ta ce masa mai tausayin banza. Ashe haka abin yake in kai ne a tsaye a gaban gadon. Tsoro ya kama ta, na ta ba shi da na ta hana shi, duka biyun.

"Baba," ta ce, ba ta san daga ina tambayar ta fito ba, "shi sarkin nan, me ya yi musu?"

"Wane sarki?"

"Tantalus ɗin. Ba a yi wa mutum irin wannan horo a banza. Mene ne laifinsa?"

Idonsa ya bar gorar ya dawo kanta. Tun tana 'yar firamare yake jiran ta yi masa tambaya irin wannan, sai yau da ta ga dama, yana kwance ba ya iya ko zama.

"Kin faɗi sunan daidai," ya ce.

"To faɗa min."

"Ba a fara labari daga tsakiya. Sai kin san ko ɗan wane ne, da yadda aka yi har yake cin abinci tare da alloli. Zauna."

Ta zauna, ta mayar da murfin a hankali yadda ba zai ji ƙararsa ba. Ya fara. Malam Ƙamus kuwa ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya ko da gobara ake yi: ya faɗi uban sarkin, ya ratse ya bayyana yadda Girkawa suke ɗaukar baƙunci, ya dawo ya gyara wani abu da ya faɗa da farko. Muryar na yankewa, ta shafa masa auduga, ya ci gaba bai ko tsotsa ba. Mai lemo ta jawo kujera. Auta na gyaɗa kai, rabin hankalinta na kan agogon bango, uku da kwata, uku da rabi, amma ga mamakinta ɗaya rabin na son jin ƙarshen.

"To ranar nan sai ya gayyaci allolin gidansa," in ji Baba, ya ɗaga yatsa. "A nan ne ya tafka abin da ya tafka."

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ma'aikata biyu suka turo gadon ɗaukar marasa lafiya, nas na biye da fayil.

"Gado na shida. Ya ci wani abu? Ya sha?"

"Ko ɗigo," in ji Baba, da alfahari kamar shi ya hana kansa.

Suka ɗaga shi, ya cije leɓe. Auta ta bi gadon da sauri tana riƙe da ƙarfen gefe, ta baranda, ta kwana, har ƙofa mai murfi biyu inda aka rubuta ba a wucewa. Nan ta dube shi. Mutum mai shekara saba'in da shida, da tari a ƙirji.

"Baba, ƙarasa min. Me ya yi?"

"Yanzu?"

"Yanzu. Kalma biyu ce."

Ya yi murmushi da tsattsagen leɓensa. "Ni ban taɓa ƙarasa darasi mai daɗi a rana ɗaya ba, tambayi yayyenki. In na fito."

Ƙofar ta rufe, ta yi lilo sau biyu ta tsaya.

A kan bencin baranda Yaya ya same ta, gorar na kan cinyarta ba ta buɗe ba. Ya zauna a ɗarare, kamar mai jiran a sake yi masa faɗa. Ba ta yi ba. Ta ba shi labarin gorar da ta karkace, da na sarkin da ruwa ke gudu, har inda aka tsaya.

"Au, wannan? Ai ya taɓa ba mu, na manta ƙarshen." Ya zaro waya. "Bari in duba miki, minti ɗaya ne."

Ya fara dannawa. Auta na ganin haruffan suna jeruwa, har wayar ta kawo sauran sunan da kanta. Ta sa hannu ta rufe fuskar wayar.

"Bar shi, Yaya."

"Ba so kike ki sani ba?"

"Ina so," ta ce, tana kallon ƙofar. "Shi zai faɗa min."