Shafin da Ya Riga Shayi

Junaid da ƙanwarsa Hamdiyya sun haɗa manhajar rubuta ajami, wadda kowa zai iya ɗauka kyauta ya gyara. Saura shafin intanet. Junaid ya cika nasa da kiɗa da hotuna, Hamdiyya kuwa rubutu zalla ta yi.

Suka je gwaji shagon intanet na Alamin a Habbena. Alamin ya ɗora shayi, ya buɗe duka biyun. Na Hamdiyya ya fito tun ruwa bai tafasa ba. Na Junaid yana ta saukowa sannu a hankali daga sama, har suka shanye zagaye na biyu, sai aka ɗauke wuta.

"Hoton wa ke fitowa ɗin nan?" in ji Alamin.

"Nawa ne," in ji Junaid.

Hamdiyya ta ajiye kofinta. "Hular dai ta yi kyau, Yaya."